Littafin aiki: auna sanin kai wajen kamun kai a ajin dare na Agege

Asabar, 5 ga Afrilu, 2025

Ajin dare ya dawo daga hutun Ƙaramar Sallah, ni kuma na fara aikin da na daɗe ina ɗagawa. Muna haɗuwa ne bayan Isha'i a barandar wata Islamiyya da ke Agege, kusa da layin dogo. Ɗalibaina magidanta ne da samari: mahauta daga mayankar Oko-Oba, masu shayi, masu POS, direbobin keke, da wasu da suka jingine sana'ar acaɓa tun da gwamnatin Legas ta hana ta a ƙananan hukumomi 6 a watan Yunin 2022, ta ƙara wasu 4 a Satumba. Karatun boko da lissafi nake koya musu.

Abin da nake son aunawa shi ne ko mutum ya san yadda zuciyarsa take kayar da shi. Wane lokaci ne, a ina, yana tare da wa, wace dabara ce take yi masa aiki, wacce ce kuma ta sha ba shi kunya amma bai daina dogaro da ita ba. Azumin da ya wuce ne ya tsaya mini a rai. Wata guda cur mai shan sigari yana yini bai kunna ba, mai zafin rai yana haɗiye magana. Sallah ba ta cika mako ba, wasu sun koma gidan jiya. Idan ƙarfin zuciya ne kaɗai, ina ya tafi? Zatona shi ne a Ramadan unguwa ce gaba ɗaya take taya mutum, teburin mai shayi a rufe, kowa na kallon kowa. Akwai waɗanda suka san haka game da kansu, akwai waɗanda suka ɗauka jarumtarsu ce.

Fagen ba sabo ba ne. John Flavell, masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, ya fayyace shi a 1979: akwai abin da mutum ya sani game da tunaninsa, akwai kuma sa ido a kan tunanin yayin da yake gudana. A 1994 Schraw da Dennison suka fitar da takarda mai tambayoyi 52 don auna hakan, amma tasu ta harkar karatu ce. Wadda aka yi musamman don kamun kai ita ce ta Bürgler da Kleinke da Hennecke a Jamus, a 2022. Na duba su don in ga tsari, amma tambayoyina daga rayuwar mutanen nan zan gina su. Aikin zai shiga kundin digirina na biyu in Allah ya yarda.

Kuɗi: littafin rubutu da biro, naira 2,500.

Laraba, 9 ga Afrilu

Na je gaida mai unguwa da liman, na yi musu bayani, sun sa albarka. Yayata, wadda ke riƙe da ajin mata na safiyar Asabar da Lahadi, ta yarda za ta gwada da nata ɗaliban, da sharaɗin kowace ta fara shawara da maigidanta. Na rubuta tambayoyi 20. Hoton takardu, naira 4,000.

Asabar, 12 ga Afrilu

Gwajin farko ya watse, kuma watsewar ta cancanci a rubuta ta dalla-dalla.

Mutum 22 ne suka zo. Ina karanta tambaya, kowa ya yi alama a ɗaya daga matakai biyar: sam, kaɗan, tsaka-tsaki, da yawa, sosai. Da na koma gida na baje takardun a tabarma, sai na ga kusan duk alamomin sun taru a layi ɗaya, layin sosai. Da ma na saka tambayoyi biyu masu karo da juna don irin wannan. Ɗaya tana cewa na san lokacin da zuciyata ta fi rinjayata. Ɗayar tana cewa sai abu ya wuce nake gane yadda aka yi na faɗa ciki. Mutum ba zai zama sosai a duka biyun ba, amma fiye da rabin ajin haka suka cika.

Dalili biyu na gano. Na farko kunya. Ni malaminsu ne, sunansu yana saman takarda, wa zai rubuta wa malaminsa da hannunsa cewa bai san kansa ba? Na biyun sai da safe na ji shi. Ina shan shayi sai wani direban keke ya matso ya rage murya ya ce, “Malam, to yaushe sunayen za su fito?” Ashe magana ta zaga cewa takardar ta tantance waɗanda za a ba tallafi ce. Kowa ya cika ta yadda za a ga shi mutumin kirki ne da ba zai cinye jari ba. Ban ga laifinsu ba. Duk takardar da aka taɓa miƙo musu a garin nan, ko dai ta karɓar kuɗi ce ko ta alkawarin kuɗi.

Na ajiye takardun a jaka. Ba za su shiga lissafi ba.

Laraba, 16 ga Afrilu

Na tsaya gaban aji na faɗa musu ƙarara: babu tallafi, babu gwamnati, babu ƙungiya. Uku suka ce to a cire su. Madalla, gara haka.

Sabon tsari: babu suna, kowa ya ciri lamba daga cikin hula, shi kaɗai ya san tasa. Wani saurayi daga cikinsu mai karatu da kyau shi zai riƙa karanta tambayoyin, ni ina waje. Na kuma sauke tambayoyin ƙasa. Maimakon a tambayi mutum ko ya san rauninsa, sai a ce: a makon jiya, ka taɓa sauya hanya don kada ka bi ta gaban wani wuri? Ka taɓa ba wani ajiyar kuɗinka don kada ka taɓa su? Abin da mutum ya aikata ya fi sauƙin tunawa, ya kuma fi wuyar yi wa kwalliya.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Jiya amsoshi sun bazu, akwai sam, akwai kaɗan, masu karo da juna sun ragu ƙwarai. Na yi murna na ɗan lokaci. Da na zauna da su yau sai wata matsala ta fito wadda ta fi ta kunya zurfi, kuma gyaran takarda ba zai magance ta ba.

Takardar tana tambayar mutum ne ya ba kansa maki a kan sanin kansa. To wanda bai san kansa ba, da me zai san bai sani ba? Shi ne ma zai fi kowa ba kansa maki da zuciya ɗaya, ba ƙarya yake yi ba. Wani mai bincike, Nordgren, da abokan aikinsa sun nuna haka a 2009 da masu ƙoƙarin barin sigari: waɗanda suka fi yarda cewa suna iya riƙe kansu su ne suka fi sakaci da guje wa wuraren da ake sha, kuma bayan wata 4 su ne suka fi komawa. Ke nan maki mai yawa a takardata yana iya nufin mutum ya san kansa, yana kuma iya nufin ya ruɗi kansa. Ma'aunin da ba ya raba waɗannan biyu bai gama aikinsa ba.

Wani dattijon mahauci a ajin ne ya ba ni mafita ba tare da ya sani ba. Ya taɓa gaya mini yadda suke gane yaron da idonsa ya buɗe a sana'a: ba a tambayarsa ko ya iya, sa ake nuna masa a tsaye a ce ya kintaci naman da zai bayar, in an yanka a ɗora a sikeli. Haka zan yi. Da safe mutum ya kintaci yadda yininsa zai kasance, da dare a duba abin da ya faru. Tazarar da ke tsakani ita ce awon.

Laraba, 23 ga Afrilu

Na kai wa liman samfurin katin da za a riƙa rubuta kintacen safe da sakamakon dare a kai, ina ɗan fargabar kada ya ce ana tona asirin mutane. Ya juya shi gaba da baya, ya yi dariya.

“Wannan ai tsohon zance ne, Malam. Ka duba Ihya'u.”

“Allah gafarta Malam, wane babi?”

Ya shiga ciki ya ɗauko littafin, wato Ihya'u Ulumiddin na Imam Gazali. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya jera matakai shida na tsare rai, uku na farko su ne musharaɗa, muraƙaba da muhasaba. Mutum ya ƙulla sharaɗi da ransa da safe, ya sa mata ido cikin yini, ya yi mata lissafi da dare. Katina bai wuce wannan ba, lamba kawai na ƙara. Liman ya ce zai ambata wa jama'a bayan sallah cewa abin ba shi da aibi, amma ya gargaɗe ni kada wanda ya faɗi laifinsa a kati ya ji shi a bakin wani. Na yi masa alkawari.

Asabar, 26 ga Afrilu

An fara. Maza 19, mata 11. Kowa ya zaɓi abu ɗaya tak da yake fama da shi. Mafi yawa ajiyar kuɗin Babbar Sallah suka zaɓa. Wasu waya bayan ƙarfe 11 na dare, wasu sigari, direbobin keke biyu suka ce zagin fasinja da 'yan danfo, wato masu ƙananan motocin haya na Legas. Lambobi biyu suka rubuta cacar ƙwallo, abin da ba za a taɓa samu ba da akwai suna.

Katin yana da gida uku. Da safe: daga 0 zuwa 10, yaya kake ganin za ka riƙe yau? Sannan: in za ta zo maka, wane lokaci kuma a ina? Da dare: ka riƙe ko ba ka riƙe ba, kuma a ina abin ya faru? Wanda bai ƙware a rubutu ba ya ja sanduna. Ana jefa katin jiya a kwali mai tsaga a bakin aji. Kati da yanka, naira 6,500.

Alhamis, 1 ga Mayu

Hutun ma'aikata, amma ba a wurinmu ba. Katuna suna shigowa. Babu wuta tun jiya, da fitilar waya na shigar da su littafi.

Laraba, 7 ga Mayu

Daren jiya Inter ta fitar da Barcelona da ci 4 da 3 bayan ƙarin lokaci, Agege ba ta yi barci da wuri ba. Katunan masu caca biyun nan na ranar sun fi duk abin da na tara zuwa yanzu faɗa mini magana.

Na farko ya rubuta 9 da safe. A gidan lokaci da wuri ya ja layi kawai, wato ba ya ma tsammanin za ta zo. Da dare ya rubuta bai riƙe ba, a gidan kallo, lokacin hutun rabin lokaci. Na biyun ya rubuta 3. Ya ce za ta zo masa da magariba, idan abokai suka fara turo hasashe a waya. Da dare ya rubuta ya riƙe. A gefen katin ya ƙara da ƙaramin rubutu cewa tun la'asar ya tura kuɗin da ke wayarsa gida, kuma a rediyo ya bi wasan a ɗakinsa.

Na koma takardar tambayoyi ta 19 ga Afrilu na duba lambobinsu. Mai 9 yana cikin waɗanda suka fi kowa maki a sanin kai. Mai 3 yana can ƙasa.

Wannan ya tuna mini aikin Walter Mischel, mai gwajin alawa na jami'ar Stanford, inda ake ajiye wa yaro alawa ɗaya a ce in ya jira zai sami biyu. Kowa wannan ya sani. Wanda ba a cika ambata ba shi ne binciken da ya yi da Harriet Mischel a 1983, inda suka tambayi yaran kansu: a rufe alawar ko a bar ta a buɗe kana kallo? 'Yan shekara 4 da yawa suka zaɓi a bar ta a buɗe, wato abin da ya fi wahalar da su. Waɗanda suka ɗan girma suka ce a rufe. Mai 9 ɗina ba yaro ba ne, amma ya tafi gidan kallo da kuɗi a waya.

Sai dai akwai ƙulli a lissafina. Mai 3 ya ce 3 kuma ya riƙe, to a lissafin tazara ya yi kuskure babba ke nan. Alhali hasashen nasa ne ya sa ya ɗauki mataki, matakin kuma ya ƙaryata hasashen. In na bi lamba kawai, zan hukunta wanda ya fi kowa sanin kansa. Don haka na ƙara gida na huɗu a kati: ka yi wani shiri saboda abin da ka hango? Zan riƙa lissafa ranakun shiri daban.

Asabar, 10 ga Mayu

Ruwan daren Alhamis ya shigo baranda ta gefe, ya sami kwalin a ƙasa. Katunan kwana uku sun zama dunƙule ɗaya, tawada ta bi ta ko'ina. Na shanya su a kan kwanon ɗaki, kaɗan ne suka karantu. Wani ya ce kowa ya sake cikawa daga ka. Na ƙi. Wanda ya riga ya san yadda yininsa ya ƙare ba zai iya tuna abin da ya kintata da safe tsakani da Allah ba, zuciya za ta gyara masa lambar ta dace da abin da ya faru. Kwanakin sun tafi ke nan.

Na sayi bokitin roba mai murfi, na huda tsaga, naira 3,000. Ga waɗanda ke da WhatsApp kuma suka yarda in san su, saƙon murya ya fi kati, don yana zuwa da lokacin da aka turo shi, ba a iya cika na safe da dare. Matsalarsa data, wadda ta yi tsada tun ƙarin kashi 50 da aka amince wa kamfanonin waya a watan Janairu. Na saya wa mutum 8, naira 8,000. Aljihu ya fara kuka.

Laraba, 14 ga Mayu

Ba wani sabon abu. Lamba 14 kullum 5 yake rubutawa, ko rana ko ruwa. Zan dawo kansa.

Lahadi, 18 ga Mayu

Yaya ta kawo katunan mata a leda, ɗaure da zare, babu wanda ya jiƙe. Ta zauna ta ce, “Kai da bincikenka, zo ka ga inda ya karkace.”

Wata mai sayar da awara ta rubuta 8 da safe a kan ba za ta taɓa kuɗin ajiya ba, da dare ta rubuta ta taɓa. A littafina wannan faɗuwa ce. Yaya ta ce yaron matar ne zazzaɓi ya rufe da rana, ta kai shi kemis. “Wannan ne rashin kamun kai?” Ba shi ba ne. Katin bai bambanta wanda zuciya ta ja da wanda larura ta tilasta ba, kuma ga mai ƙaramin ƙarfi larurar ta fi yawa. Daga gobe amsar dare ta zama uku: na riƙe, zuciya ta rinjaye ni, dole ce ta sa.

Masu bincike ma sun yi karo da wannan. A Rochester ta Amurka, a 2013, Celeste Kidd da abokan aikinta sun saɓa wa wasu yara alkawari kafin gwajin alawa, wasu kuma suka cika musu. Waɗanda aka cika wa sun jira kimanin minti 12, waɗanda aka saɓa wa kimanin minti 3. Yaron da ya cinye tasa da wuri wataƙila ya karanci mutanen da ke gabansa ne daidai. A maƙwabtanmu Kamaru kuma, binciken Bettina Lamm ya sami kusan kashi 70 na yaran manoman Nso 'yan shekara 4 sun jira minti 10 cif, yaran Jamus kuwa ba su kai kashi 30 ba. Tarbiyya da yanayin gida suna cikin abin da ake aunawa, ko an so ko ba a so ba.

Wani abin da na lura: hasashen matan ya fi na mazan kusa da abin da ke faruwa a batun kuɗi. Ba zan gina komai a kan mutum 11 ba, amma Yaya ko mamaki ba ta yi ba. Ta ce kusan dukkansu suna adashe, kuma mace ba ta shiga adashe sai ta san kuɗi a hannunta ba ya kwana. Sun daɗe da yanke wa kansu hukunci, sun miƙa wa uwar adashe.

Laraba, 21 ga Mayu

Damina ta fara kiran 'yan ci-rani. Mutum 4 sun yi sallama a makon nan, za su hau motocin da suka sauke kaya a kasuwar Mile 12 su koma gida shuka. Biyu sun ce za su ci gaba da turo murya in akwai sabis a ƙauye. Wasu biyu kuma sun daina jefa kati ba sallama, ga su kuwa a aji. Da na duba, katunansu na ƙarshe duk faɗuwa ce a jere. Wannan ya fi tafiyar 'yan ci-rani damuna, domin in masu faɗuwa ne suke zamewa, waɗanda suka rage za su sa sakamakon ya yi kyan da ba shi da shi. Na roƙi aji gaba ɗaya, ba tare da kallon kowa ba, cewa katin da aka rubuta an faɗi ya fi mini amfani a kan katin da ba a kawo ba.

Lahadi, 25 ga Mayu

Ranar duba waya. Wayoyin Android suna ajiye lissafin awannin da aka yi ana amfani da su, har da sa'o'in da aka fi taɓawa. Masu fama da wayar dare da suka yarda, mun buɗe tare. Kafin a buɗe kowa ya faɗi abin da yake zato. Duk sun faɗi ƙasa da abin da wayar ta nuna, wani ma da kusan rabi. Ya riƙe baki ya ce, “Malam, anya ba yara ne suke ɗauka ba?” Aka yi dariya, don iyalinsa suna Katsina.

Wannan ya nuna amsar dare ma ba sikeli ba ce tsantsa, ita ma daga bakin mai ita take fitowa. Inda akwai shaida daga waje, waya ko littafin mai ajiya, da ita zan yi aiki. Sigari da zagi kuwa sai dai a yarda da mutum.

Na dawo kan lamba 14. Kusan rabin kwanakinsa ya riƙe, kuma kullum 5 yake cewa, saboda haka a jimla babu wanda ya kai shi daidai. Amma bai taɓa bambanta ranar haɗari da ranar lafiya ba, gidan lokaci da wuri kuma a wofi yake barinsa. Ya san kansa a dunƙule, bai san Talatarsa daga Juma'arsa ba. Don haka awo biyu zan fitar wa kowa: kusancin hasashe da sakamako a jimla, da kuma ko lambar tana sauka a ranakun da ake faɗuwa. Na biyun nake ganin shi ne ainihin abin da na fito nema.

Alhamis, 29 ga Mayu

Ɗaya daga direbobin keke ya tare ni ya ce katin ya hana shi sakat. Yana buɗe baki zai yi zagi a Pen Cinema sai ya tuna da dare zai rubuta, sai ya haɗiye. A wurinsa alheri ne. A wurin mai awo kuwa ciwon kai ne, don ma'aunin yana sauya abin da yake aunawa. Ba ni da maganin wannan sai dai in rubuta shi a kundi yadda yake, in kuma kwatanta makon farko da na ƙarshe.

Na sake karanta binciken Wilhelm Hofmann na 2012 a garin Würzburg na Jamus. Mutum 205, waya tana yi musu ƙara sau 7 a yini har mako guda, suna faɗin abin da ransu yake so a lokacin. Waɗanda aka sani da kamun kai sai aka ga ba su ne suka fi kokawa da zuciya ba, jarabar ce ba ta cika samunsu ba. Katunan da ke bokitina suna tafiya ta wannan hanya, masu cika gida na huɗu su ne faɗuwarsu ta fi ƙaranci.

Lahadi, 1 ga Yuni

Jiya wasan ƙarshe, PSG ta lallasa Inter 5 da nema. Mai 9 ɗin nan ya rubuta 4 da safe, karo na farko da ya sauko ƙasa da 7. Ya rubuta gidan kallo, ya rubuta hutun rabin lokaci. Gida na huɗu a wofi. Da dare: zuciya ta rinjaye ni.

Hasashensa ya gyaru sarai, halinsa bai motsa ba. Sanin inda ramin yake daban, kauce masa daban, kuma katina na farkon kawai yake kamawa da kyau.

Talata, 3 ga Yuni

An dakata sai bayan Sallah, ranar Juma'a ce. Mahauta ba sa ganin gida, raguna sun cika bakin titi, aji ya koma mutum 5.

Asabar, 14 ga Yuni

An dawo. Waɗanda katunansu suka isa a yi lissafi da su: maza 12, mata 10. Na shigar da komai a kwamfutar wani abokina da ke da shagon buga takardu a Ikeja, naira 5,000 har da kuɗin mota. Jimlar abin da na kashe zuwa yau, naira 29,000, ban da shayin da na riƙa saya.

Na kai wa malamar da ke duba kundina. Ta ce mutanen sun yi kaɗan a ce an tabbatar da wani abu, in kira shi gwajin share fage. Ta kuma ce kada in jefar da takardar tambayoyin, in ajiye ta gefe da kati, rashin jituwarsu shi kansa sakamako ne. Ta nemi in ƙara gajeren ma'aunin kamun kai na Tangney da Baumeister da Boone na 2004, mai tambayoyi 13, don a ga ko abin da nake aunawa ya bambanta da kamun kai ɗin kansa.

Zango na biyu zai fara 28 ga Yuni, mako 6. Zan raba masu katin gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Rabi su ci gaba yadda suke. Rabi kuma kowace safiya su ƙara jimla ɗaya irin wadda Peter Gollwitzer ya bayyana a 1999: in kaza ya faru, zan yi kaza. Liman ya ce shi zai buɗe musu da hadisin da ya umarci mai fushi in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa, don su ga siffar jimlar. Ina neman ƙarin mutum 20, na yi magana da wani malamin ajin dare a Idi-Araba, ya ce in zo ranar Laraba. Sai an sami bokiti na biyu, da wanda zai riƙa kwaso katunan can duk mako, da kusan naira 15,000 na data. Yaya ta ce matan sun nemi a bar musu katin ko bayan an gama, in ƙara bugo 200.